Takaba Ba Ciwo Ba Ce

Da girmana na shiga kwaleji, da 'ya'ya uku da ciwon baya. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Ina koyarwa ne a wata firamare a Tudun Wada, sai wata rana hedimasta ya tara mu a ofishinsa ya ce tsohuwar takardar da muka kama aiki da ita ta daina ci. Duk wanda tantancewa ta gaba ta same shi ba shi da shaidar malanta ta kwaleji, to ya fara neman wata sana'a. Haka muka kwashi jiki, mu masu furfura a ƙarƙashin ɗankwali, muka je muka yi rajistar karatun ƙarshen mako a wata kwaleji a nan garin. Ba zan kama sunanta ba. Da takardarsu nake cin abinci har yau, kuma abin da zan faɗa ba a can kaɗai ake yinsa ba.

A can na tarar da Maman 'Yan Biyu. Dama makarantarmu ɗaya, ita tana riƙe da aji biyu, ni aji biyar. Mace ce mai sanyi, irin sanyin da ke ba ni haushi. In ka taka ta, ita za ta ce maka sannu. Ni kuwa ko ƙuda ne ya sauka a kaina sai na ji dalili. Ita ta raɗa mini Sarkin Faɗa, ni kuma na rama da Ruwan Randa, kuma haka muka riƙa kiran juna har a gaban yara.

Ta riga ni shiga kwalejin da shekaru, amma na zo na cim mata. Shekara guda ta tafi a haihuwar tagwayen, don sai da aka yi mata aiki. Wata shekarar ta tafi a jinyar mahaifinta. Kwalejin kuma tana da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi, in ya wuce a soke sunansa, ko da kwas ɗaya ne ya rage masa. Wannan iyakar ita ce dai wadda ake ƙirga wa 'yan matan da babu abin da suke wankewa sai kwanon da suka ci abinci. Babu wanda ya taɓa zama ya ce, su waɗannan masu goyo da masu aiki fa, a ƙara musu ko shekara guda.

Karatun ƙarshen mako, wai. Suna ne kawai. Mu tashi daga makaranta ranar Juma'a, mu je gida mu ɗora tukunya, mu fito da warin hayaƙi a jikinmu mu tari napep. Asabar mu wuni a can, Lahadi mu koma. Wanki kuwa sai ya taru har ya fara yi wa mutum kallon banza. Masu jarirai a kujerun baya suke zama kusa da ƙofa, yaro na fara kuka su zame waje gindin darbejiya su ba shi nono, suna miƙa kunne ta taga ko za su tsinci wani abu. Duk faɗin kwalejin nan babu ɗaki guda mai tabarma da za a kwantar da jariri. Wannan duka mun ɗauka, mu muka ce muna so. Abin da ke ƙona mini rai shi ne malami ya yi tafiyarsa ranar Asabar, sai kawai saƙo ya faɗo a waya cewa an dawo da darasi Laraba da safe. Laraba da safe, jama'a! Yaran mutanen da aka damƙa mana fa, mu rataye su a ƙusa mu tafi?

Irin wannan ce ta ci Maman 'Yan Biyu. An dawo da gwajin wani kwas tsakiyar mako, ranar kuma masu duba makarantu suna cikin firamarenmu, hedimasta ya ce ko bayan gida mutum zai je sai ya nemi izini. Ba ta je gwajin ba, babu makin gwaji, jarrabawa ta zo ta kasa cike gurbin. Shi ya sa a shekararta ta ƙarshe, wadda babu wata bayanta, kwas ɗin nan guda ya rage mata, take maimaita shi tare da ajinmu. In ta ci, ta karɓi takarda, aikinta ya tsira. In ba ta ci ba, shi ke nan.

Mijinta yana da shagon fotokwafi da ɗinkin littattafai a unguwar Kongo, nan cikin gari. Mutumin kirki, mai barkwanci. Shi ke sauke ta a ƙofar kwaleji a kan babur ɗinsa, in ya gan ni ya ce, “Malama, yau da wa za a yi?” Takardun darasinmu shi ke buga mana, ya ɗinke su da bango mai kauri kamar na manyan ɗalibai. Ya sha faɗa cewa ranar da matarsa ta karɓi takarda, da hannunsa zai sa mata leda ya rataye a shago, kowa ya zo ya gani.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa ya faɗi a shagon. Hawan jini, aka ce. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Gidansu gidan gado ne, a wani lungu bayan kasuwar Tudun Wada, ita da surukarta da muke kira Inna da iyalan yayan mijin. Na yi ta zarya kwanakin zaman makoki. Ta shiga takaba, ta cire 'yan kunne, ta koma tsofaffin zannuwa, maganarta da dama ba ta da ƙarfi ta ƙara yin ƙasa. Ban yi mata zancen makaranta ba, ai da kunya. Sai bayan mutane sun ragu, ina shirin tafiya, ta kamo bakin mayafina ta ce a hankali, “Sarkin Faɗa, an fitar da ranar?”

Na ce an fitar. Ni da ita muka yi lissafi a zuci, muka ga ko rabin takabar ba za ta yi ba kafin ranar ta zo.

Ni a lokacin ban ga abin tashin hankali ba. Da idona na taɓa ganin wata 'yar ajinmu da ta haihu ana gobe jarrabawa, aka kwantar da ita a ɗan asibitin kwaleji, aka turo mata mai sa ido da takarda, ta rubuta a kan gado, jaririya na gefenta. Na ce ashe ma akwai hanya. Washegari na nemi izini a makaranta na tafi ofishin jami'in jarrabawa.

Kada in zalunce shi, ba mugun mutum ba ne. Da na faɗa masa, sai da ya ajiye biro ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo. Sannan na kawo buƙatata. Na ce a tura mata mace guda da takardar tambayoyi, ta zauna a kanta har ta gama. Daga nan zuwa gidan, napep ɗaya ne.

Ya girgiza kai. Ya ce, “Malama, wancan da kika gani na marasa lafiya ne, kuma a cikin kwaleji. Ƙa'idarmu ta san ciwo, ta san haihuwa. Takaba ba ciwo ba ce.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, to mene ne ita? Biki ce?”

Ya ce in yi haƙuri. Ya ce in dai wuri take so wanda ba jama'a, ta zo asibitin nasu a ba ta gado. Na ce, “Malam, in da za ta iya fitowa zuwa asibitinku, ai da zauren jarrabawar za ta wuce.” Na tambaye shi ko za a ɗaga mata zuwa baɗi. Ya ce shekarunta sun cika, ƙarin shekara kuma sai majalisar kwaleji, ita kuwa ba ta zama sai bayan an gama jarrabawa, kuma bai taɓa jin ta ƙara wa wani ba. Da ya ga ina huci, sai ya sassauta murya ya ce, “Ku je ku tambayi malamai mana. Ni a sanina addini bai hana mai takaba fita da rana don lalura ba. Matsalar ba tamu ba ce, ta gida ce.”

Na fito ina ta surutu ni kaɗai a baranda, har na yi karo da malamar da ke koyar da kwas ɗin. Dattijuwa ce, Bahaushiya Kirista daga tsofaffin gidajen Anglika na Zariya, dukanmu Mama muke ce mata. Ta ja ni ofishinta ta ba ni ruwa, ta saurare ni har na sauke. Ta ce ita ma ta binne miji, ta san yadda ɗaki ke zama bayan mutane sun watse. Ta tashi da kanta ta tafi wajen shugaban sashe, ina biye da ita. Ta ce masa ita mace ce, za ta iya shiga har ƙuryar ɗaki, ita za ta kai takardar, ita za ta sa ido, ita za ta dawo da ita a rufe, ba ta neman ko kuɗin mota. Ya ce takardar tambayoyi ba ta ƙetare ƙofar kwaleji. Ya ce in aka yi wa ɗaya, gobe kowa zai ce a kai masa gida. Mama ta ce, “Mata nawa ne mazansu za su mutu ana saura makonni jarrabawa, Malam?” Ya dai ce hannunsa a ɗaure yake.

Tunda kwaleji ta turo mu gida, sai na koma gida. Na sa maigidana ya tambayi limamin unguwa. Liman ya ce haka ne, ta fita da rana don lalura, ba ado ba turare, ta dawo ta kwana a ɗakinta, kuma abin da mace za ta ciyar da marayu da shi ai babbar lalura ce. Na ɗauki wannan da zafinsa na kai wa yayan mijin. Ya ce shi ba shi da ta cewa, duk abin da Inna ta ce shi ke nan.

Inna tsohuwa ce ƙanƙanuwa, kunnenta ya fara nauyi. Na durƙusa na gaishe ta, na jero mata bayani da ƙarfi, har da abin da liman ya ce. Ta bar ni na gama. Ta ce, “'Yar nan, ni ban ce haramun ba ne. Ni ba malama ba ce. Amma da na yi takabar ubansu, ko zaure ban leƙa ba har na fita. A gidan nan ba a taɓa yi ba. Ƙasar kabarin yaron nan ba ta bushe ba, a ga matarsa a titi da jaka, a ce da ma jira take yi?”

Na ce, “Inna, shi da kansa yake kai ta. Shi ya fi kowa son takardar nan.”

Sai ta fashe da kuka. Ni da na zo da shirin faɗa na rasa ta inda zan kama. Na koma sau da yawa bayan wannan, ina lallashi, abin da ban iya ba. A ƙarshe ta ce, “To, ta je in ta ga za ta iya.” Duk wadda ta zauna da suruka ta san wannan ba izini ba ne. Amma na riƙe shi hannu biyu, na shiga na faɗa wa Maman 'Yan Biyu an yarda. Ta ce to. A kwanakin nan ta yi karatu kamar za ta cinye takardun. Ta ce da ma ba barci take samu ba, gara ta sa idon a kan wani abu.

Ranar jarrabawa na zo da napep tun da sassafe, na ce ya jira a bakin lungu. Na same ta a shirye, cikin wani tsohon dogon hijabi mai ruwan toka, biro biyu da katin shaida a hannu. Matar yayan mijin ta karɓi tagwayen. Muka ratsa tsakar gida. Da muka shiga zaure, ga Inna zaune a kan tabarma, kusa da babur ɗin mamacin da aka jingine a wurin tun ranar da aka dawo da shi daga shago. Ba ta taɓa zama a zaure ba sai ran nan. Ba ta tare hanya ba. Hawaye kawai ke bin fuskarta, tana jan carbi. A waje kuma, ikon Allah, lungun da ko akuya ba ka gani da safe, sai ga mata biyu a ƙofar gidan da ke kallonmu, wai shara suke yi.

Maman 'Yan Biyu ta durƙusa ta ce, “Inna, zan tafi.”

Inna ta ce, “A dawo lafiya.”

Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Na riga na fita, na juyo na ce ta taho. Ba ta motsa ba. Na koma na kama hannunta na ja, na ce, “Ke, Ruwan Randa, kada ki yi mini haka! Saura taku ɗaya!” Wallahi ji na yi kamar in ɗauke ta a kafaɗa.

Ta zare hannunta a hankali. Ta ce, “Je ki, za ki makara.”

Na ce, “Aikinki ne fa! Abincin yaran nan ne!”

Ta ce, “Na sani. Amma a gidan nan zan ci gaba da zama, ni da su. Ke in an tashi, gidanki za ki tafi.”

Ta juya ta koma ciki. Na tsaya a lungun nan ina kuka kamar yarinya, na juya kan masu sharar na ce in sun gama su zo su share mini fuska. Mai napep ya yi ta hon. Haka na tafi na zauna na rubuta jarrabawar, kujerar da aka liƙa wa lambarta tana gabana babu kowa.

Da muka fito na so in wuce gida, don haushinta nake ji. Ƙafata dai ta kai ni. Na same ta a ɗaki, hijabin nan har lokacin yana jikinta. Ba ta tambaye ni ya na yi ba. Ta ce, “Kin fito da takardar tambayoyin?” Na zaro na miƙa mata. Ta ƙi karɓa. Ta ce in fara kwashe takardun darasin da ke kan gado in sa a jakata, in rufe ƙofa, in duba agogon wayata in ba ta daidai lokacin da aka ba mu. Na ce wannan kuma wane irin wasa ne. Ta ce, “Ke dai ki sa mini ido. Kin ce mace guda kawai ake buƙata.”

Ta zauna a tabarma, ta ɗora fallayen takarda a kan faranti, ta fara rubutu. Ni na zama mai sa ido. Tagwayen suka yi ta buga ƙofa, na fita na kora su wajen matar yayan. La'asar ta yi, na ce ta tashi ta yi salla zan tsayar da agogo, ta ce a zauren jarrabawa an tsayar muku? Ta ci gaba. Da na ce lokaci ya cika, tana tsakiyar jimla, ta ajiye biron. Ta ninke takardun ta ba ni ta ce in kai wa Mama. Ta ce ta san ba za a sa a ko'ina ba, ita dai tana so ta sani.

Na kai. Mama ta karɓa, ta daɗe tana kallon rubutun, ta sa a jakarta. Ta ce za ta duba shi tare da na kowa, da ma'auni guda, kuma za ta kai maganar gaban majalisa in ta zauna.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Majalisa ta zauna, Mama ta yi magana, aka ce an ji, an kuma tausaya, amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Aka soke sunanta. Aka ce in tana so ta sake neman shiga daga shekarar farko. Mace mai marayu, ba mai kai ta, ba mai riƙe mata gida, ta faro daga farko! Tantancewa ta zo bayan ta fita takaba, aka sallame ta tare da sauran waɗanda ba su da takarda. Yanzu tana soya awara da yamma a ƙofar gidan nan, da safe kuma tana koya wa yaran maƙwabta karatu a tsakar gida. In na bi ta lungun na ji suna ce mata Malama, sai in ƙara sauri.

Ina yawan juya abin nan a raina, kuma har yau ban ga inda zai gagara ba. Ba gini aka nema ba, ba a ce a sassauta mata tambaya ba. Mama ta ce za ta je da ƙafarta. Ko wannan ya yi musu nauyi, da sai a ce duk wadda mutuwar miji ko haihuwa ko jinya ta ci mata shekara, ba za a ƙirga mata shekarar ba. Su suka buɗe karatun nan don ma'aikata da matan aure, su suka yi ta shela a zo. Sun san su wa za su zo. Mace mai aure a garin nan, ko ba jima ko ba daɗe, ko ta haihu, ko ta yi jinya, ko ta yi takaba. Amma aka ɗauko dokar da aka yanka wa 'yan makaranta aka ce mu sa, ta shige mu ko kada ta shige mu. Da a ce akwai ofis guda, mai mutum guda da aikinsa kawai ya san halin da irinmu ke ciki, wanda maganarsa ke da nauyi kafin jarrabawa ba bayanta ba, da ban yi ta yawo daga ƙofa zuwa ƙofa ina faɗa da mutanen da kowannensu ke cewa ba shi ba ne. Inna ma ina jin haushinta wani lokaci, sai in tuna tsohuwa ce da ta binne ɗanta, abin da ta gada take riƙe da shi. Su kuwa masu ilimi ne, kuma da biro suka rubuta tasu dokar.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ranar da na kai wa Maman 'Yan Biyu labari. Tana cikin takaba har lokacin, saura kaɗan ta fita. Mama ce ta kira ni ofis ta faɗa mini hukuncin majalisa, sannan ta buɗe jaka ta miƙo mini fallayen nan, duk jan biro a jikinsu. Ta ce in gaya wa ƙawata ta yi haƙuri, ita dai ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ba ta iya haɗa ido da ni ba.

Na shiga gidan bayan azahar. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, na gaishe ta na wuce. Tun ranar jarrabawa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na tarar da Maman 'Yan Biyu tana ninke kayan yara. Na zauna na fara zagaye-zagaye, majalisa kaza, Mama ta ce kaza. Ta katse ni.

“Wannan na san shi tun kafin ki shigo, fuskarki ta faɗa. Ba shi na tambaya ba. Na ci ko ban ci ba?”

Na miƙa mata takardun. Ta duba makin da ke sama cikin da'ira. Ta fi ni, ta fi ni nesa ba kusa ba. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya tana karanta abin da Mama ta rubuta a gefe, har ta yi ɗan murmushi a wani wuri ta ce, “Kin ga, nan na san na yi sauri.” Sai ta ɗaga katifa ta tura su ƙasa. Ta goge ido da bakin zane.

Na ce bari in fita in karanta wa duk gidan, da ƙarfi, kowa ya ji abin da aka yi asara.

Ta riƙe mini hannu. Ta ce, “Sarkin Faɗa, don Allah. Tun ran nan Inna ba ta cin abinci sosai. Kullum sai ta leƙo ta tambaye ni ko an ce wani abu daga makaranta. Kada ki faɗa mata.”

Na ce ni ba zan yi ƙarya don kowa ba. Ta ce ba ta ce in yi ƙarya ba, ta dai roƙe ni.

Na fito a fusace. Na kusa zaure sai na ji Inna tana kirana. Ta ajiye faifan shinkafar, ta taso da ƙyar tana dafa bango, ta zo dab da ni don ta ji amsa. Ashe ta san an yi rubutu a ɗakin nan, ta san an kai wa malama. Ta kama gefen mayafina, ta ɗago tana kallon bakina.

“'Yar nan, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da ta je, da ta ci?”

Maganar tana kan harshena, na shirya ta tun daga ɗaki. Na waiga, na ga labulen ƙofar Maman 'Yan Biyu ya ɗan ɗaga. Na dubi hannun tsohuwar nan riƙe da mayafina. Na sunkuya daidai kunnenta na ce, “Allah kaɗai ya sani, Inna.”

Ta gyaɗa kai, ta sake ni. Ta ce in gaida yara.